Wanda Ya Zaɓi Ranar Lahadi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa irin ta uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare miki hanyar da ke gabanki, ya sauke ki lafiya a inda za ki. Kin ci sunan mahaifiyata, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiran sunanki ba, biro ma ba zai fara yau ba.

Na san za ki yi dariya. Gida ɗaya muke, katanga ɗaya ce tsakanin turakata da ɗakinku, amma sai da takarda. To, ki yi dariyarki. Innarki ce ta tsare ni bayan azahar, ta ce kin ɗaure kaya kin kwance, kin sake ɗaurewa kin sake kwancewa. Ta ce aikin injiniyan ban ruwa da aka ba ki a can ƙasar Gombe, in ranar kama aiki ta wuce wani za a ba, amma kin ce ba za ki hau mota ranar Asabar ba sai kin ji abin da ke cikina. Ta ce, "Malam, tun ranar taron manoman nan, 'lafiya lau' kaɗai yarinyar nan take samu daga bakinka. In ta rasa aikin nan, kai da Allah." Na ce mata na ji. Ta ce, "Ba ji ake nema ba, magana ake nema." Ni kuwa duk sanda na zauna kusa da ke zan fara, sai in ji bakina yana tambayar ko an ba awaki dusa. Shi ya sa na ɗauko biro.

Bari in fara da fim ɗinki, tunda can gardamarmu ta samo asali.

Kin tuna hutun da kika dawo daga jami'a da kwamfutarki, kika dasa ni a gindin darbejiyar tsakar gida bayan la'asar, wai sai na kalli finafinan nan na sararin samaniya? Kashi bayan kashi, ba ya ƙarewa, kamar ciyawar kacalar da ke toshe mana kanal ɗin ban ruwa. Su suna Turanci, ke kina fassara min, kina ƙara naki gishirin. Abin da na fahimta shi ne akwai wata Daula da ke mulkin duniyoyi barkatai a can tsakanin taurari. Duk duniyar da ta yi mata gardama, sai ta kafa mata wata ƙatuwar laimar ƙarfe tsakaninta da rana. In sun yi ladabi a buɗe musu kaɗan su sha hantsi, in sun ɗaga kai a rufe. Sai kuma 'yan tawaye, da jiragensu duk faci kamar tsofaffin motocin haya na Garun Mallam, sun rantse sai sun karya laimar.

Tambayata ta farko ita ce, "Wai mutanen nan wa ke noma musu? Tun ɗazu harbi kawai nake gani, ban ga ko fangali ɗaya ba." Kika yi dariya har kika riƙe ciki. Da aka zo inda suka farfasa laimar, mutane suna rawa a tituna, kika miƙe tsaye kina tafi. Ni kuwa na ce, "To gobe fa? Shukar da ta saba da rana ta awo, yanzu rana ta sauko mata gaba ɗaya. Wa zai tare?" Kika dube ni kika ce, "Kai Baba! Wallahi kai ɗan Daula ne." Tun daga ranar ke da Innarki kuke kirana Sarkin Daula a bayan idona. Kuna tsammani ban sani ba. Gidan nan bai kai girman da za a ɓoye wa mai shi laƙabi ba.

Ba bayan Daula nake ba a ranar, Uwata. Kaina nake tunawa.

Ba ki san ni da guduma a hannu ba, kin san ni da makulli. Lokacin da gwamnati ta zo da katafila ta baje gonakin garin nan ta yanka kanal, aka sake rabo, kakanki ya faɗa can ƙarshen layi, inda muke kira wutsiya. Ruwa yana fitowa daga babban kanal ta wata ƙofar ƙarfe mai sitiyari da ake kullewa da kwaɗo, ya bi ƙaramin kanal yana shayar da gonaki ɗaya bayan ɗaya. Na bakin ƙofa su sha su ƙoshi, na tsakiya su samu, mu na wutsiya sai abin da ya rage, wani lokaci laka kawai. A wannan gonar na tashi. Na san yadda ganyen tumatir ke sunkuyar da kai da rana tsaka, kai kana tsaye a kansa da shebur, ba abin da za ka iya.

Wani rani abin ya kai mu maƙura. Ina saurayi, jini na tafasa, na tara samarin wutsiya na ce musu ruwa na Allah ne, ba na mai kwaɗo ba. Ba mu yi sanɗa ba. Da rana tsaka muka tafi, kowa na gani, na ɗora wa kwaɗon guduma har ya tarwatse, muka murɗa sitiyarin har ƙarshe. Ki ga ihu! Ni aka ɗaga sama kamar wanda ya ci dambe. Ruwa ya taho da ƙarfinsa, ya tarar da ƙaramin kanal cike da laka da kacala, bai samu hanya ba, sai ya haura ya ɓalle gefe a tsakiyar layi. Albasar wani bawan Allah, Malam Isa, wanda shi ma kukan ruwa yake kamar mu, ta kwana a cikin tafki ta ruɓe. Kafin a gyara ɓarakar sai da aka rufe wa layin ruwa gaba ɗaya. Tumatirin da na je ceto ya bushe a tsaye, tare da na waɗanda suka ɗaga ni.

Tsohon da ke tsaron ƙofar bai kai ni ƙara ba. Ya dai same ni a bakin ɓarakar ina cika buhu da ƙasa, ya ce, "Garba, ka buɗe ƙofa, ka tambayi kanal ko zai iya ɗauka?" Na ci gaba da cika buhu.

Har yau ban ce fushina na ranar ba ya kan gaskiya ba. Yana kan gaskiya, ana cutarmu. Abin da na kuskure shi ne na fara da kwaɗo, alhali da shebur ya kamata in fara. Saboda haka in kin je can kika tarar da abin da ya cancanci a karya, ban ce ki bar shi ba. Amma ki fara bin kanal ɗin da ƙafarki har ƙarshe, ki ga inda ruwan zai bi in ya kuɓuce, ki ga albasar wa ke kan hanya. Masu fim ɗinki sun kashe kyamara ana cikin rawa, ba su nuna miki irin su Malam Isa ba.

Shekaru suka wuce, hukuma ta miƙa wa manoma kula da ƙananan kanal, aka ce kowane layi ya kafa ƙungiya ya zaɓi shugaba. Mutane suka tuna yaron da ya fasa kwaɗo, suka ce ni. Ba zan yi ƙaryar tawali'u ba, na yi aiki. Ni na tsara zagayen ruwa, kowa ya san ranarsa. Kafin ni, babu ranin da ba a fasa wa wani kai da ƙotar fartanya a bakin kanal, a zamanina abin ya zama labari. Allah ya buɗa min, na samu gona a bakin ƙofa, na koma can da alkamata. Gonar kakanki ta wutsiya kuwa na ba Yohanna haya, mutumin Filato ɗin nan da ya zo nan Kadawa lodin kwandunan tumatir yana saurayi, ya zauna, ya yi iyali, ya zama manomi fiye da wasu 'yan gari. 'Yan uwansa da yawa suka biyo shi, kuma duk a wutsiya suka samu, don nan ne kaɗai ake samun gonar da mai ita zai saki.

Ga inda na sake tuntuɓe. Kin san yasa, amma bari in faɗa kamar ba ki sani ba, don ki ji yadda abin yake a kaina. Kanal in ba a yashe shi ba mutuwa yake yi. Dole lokaci-lokaci a rufe ruwa, kowa ya fito da shebur da lauje, a shiga a kwashe laka a tumɓuke kacala. Mutane kuwa kin san su, kowa na son ruwa, ba mai son laka. Sai muka kafa doka: wanda bai fito yasa ba, zagayensa na gaba ya wuce shi. Doka ce mai kyau, har gobe ina nan a kanta.

Saura zaɓen rana. A zaurena muka zauna, mu 'yan kwamiti, ana shan fura. Aka ce Juma'a, kowa ya ce a'a, masallaci. Aka ambaci wata rana, aka ce kasuwar Bunkure. Aka ambaci wata, aka ce ta Kura. Wata kuma ranar da manyan motoci ke lodi ce, ba wanda zai bar kwandunansa. Sai wani ya ce, "Lahadi fa?" Ni da bakina na ce, "Lahadi babu komai." Kowa ya ce haka ne. Aka tsayar: Lahadi, daga hantsi zuwa kafin azahar. Aka shafa fatiha aka tashi.

Lahadi babu komai! Ni da duk Kirsimeti matar Yohanna ke aiko min da shinkafa da kaza, ni da nake jin gangar cocinsu daga gonata. Wallahi ba mugunta ba ce, ko a raina ba su zo ba. Duk wanda ke cikin zauren nan gonarsa daga tsakiya ta yi sama, kuma duk sahu ɗaya muke bi. Muka ƙirga ranakunmu, muka ɗauka mun ƙirga na kowa.

Abin da ya biyo baya kin gan shi da idonki. Su Yohanna su taso daga coci su ruga gida su canja kaya, kafin su iso mun wanke ƙafa mun saɓa shebur. A ce ba su zo ba, zagaye ya wuce su. Mutanen da dama ruwa ke isa gare su a wahale, aka ƙara musu da wannan. Yohanna ya zo wurina sau ɗaya. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya yi zancen tsadar taki, ya yi zancen tsutsar tumatir, sai da zai tashi ya ce, "Shugaba, ranar nan tana mana wuya." Na ce, "Yohanna, doka ce, ba ni ba ne. In na sassauta maka, gobe kowa zai kawo nasa uzurin." Ya ce, "Haka ne, Shugaba." Ya tafi. Mai haya ba ya ja da mai gona, na san wannan, amma na bar "haka ne" ɗinsa ta kwantar min da hankali.

A fim ɗinki akwai wani ma'aikacin Daula, ba soja ba, mai zaman ofis, wanda aikinsa danna abin da ke rufe laimar. Ba ya zagi, ba ya duka, yana da 'yar tukunyar fure a kan teburinsa yana ba ta ruwa. Duk wanda ya zo masa da kuka sai ya ce umarni ne daga sama. Kin tsane shi fiye da sarkin Daular. Ni a lokacin tausayinsa na ji, na ce bawan Allah aikinsa yake yi. Ban san dalilin da ya sa na ji shi a jikina ba sai daga baya. Uwata, ranar da kika ji bakinki ya ce wa mai kuka "doka ce, ba ni ba ce", ki dakata. Ki tambayi kanki su wa ke zaune a ɗakin da aka yi dokar, su wa kuma ba a kira ba. Sau da yawa za ki tarar dokar na da kyau, ranar ce kawai aka zaɓa ba da su ba.

Yanzu na zo kanki, inda kike jira.

Zan ba ki shaida a gaban kowa: ba ki fara da taro ba. Da kika gama karatu kika dawo gida jiran aiki, kika sa takalmin roba da malfa a kan hijabi kika bi kanal ɗin nan daga ƙofa har wutsiya, mutane suna cewa 'yar Shugaba ta zama gwamnati. Kika dawo kika durƙusa a ƙofar turakata kika gaya min abin da kika gani. Na ce miki wannan ba fim ba ne. Kika bari na huce, kika sake zuwa. Na ce ki bar wa manoma maganar manoma. Kika ce, "To, Baba." Wannan "to" ɗin irin ta kakarki ce, da na yi hankali da na san ba a gama ba.

Sai ga wata Lahadi mun fito da shebur kamar kullum, ni a gaba. Muka isa bakin kanal muka tsaya cirko-cirko. An yashe shi tas, daga wutsiya har gindin ƙofa, har ɓangaren da ya bi ta gefen gonata. Ga laka an jera a kan gaɓa, ga kacala tuli-tuli tana bushewa. Ashe jiya Asabar mutanen wutsiya suka fito, maza da mata, ke kina cikinsu da laka har gwiwa, suka yi aikin layi gaba ɗaya. Ni kuwa ina Kano sayen iri. Na tsaya riƙe da shebur ban san inda zan sa shi ba. Ba ku taɓa kwaɗo ba, ba ku zagi kowa ba, kuka bar mana tambaya a shimfiɗe: mutanen da suka yi aikin kowa amma ba su zo ranar Lahadi ba, za a hana su ruwa?

Aka kira taron gaggawa a gindin tsamiyar bakin gada. Wasu suka ce doka doka ce, Lahadi aka ce ba Asabar ba. Wasu suka ce a ji tsoron Allah. Yohanna da mutanensa suna gefe. Sai na ji muryar mace daga baya tana neman izini. Na ɗaga kai, ke ce. Kika ce, "Ranka ya daɗe, Shugaba, tambaya ɗaya gare ni. Ranar da aka zaɓi Lahadi, akwai mutumin wutsiya a cikin zauren?"

Na duba dama, na duba hagu, 'yan kwamitina kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na ce, "Babu." Kika ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Kika zauna. Na ga hannunki yana rawa a ƙarƙashin hijabi, kin damƙe shi da ɗayan.

Sauran kin sani. Aka ba su ruwa a ranar. Da zaɓe ya zagayo aka ajiye ni aka ɗora Malam Hudu, aka mai da yasa Asabar, aka ba wutsiya kujeru a kwamiti.

Kina so ki ji abin da ke cikina. To, ga shi. Na ji zafi. Na ji zafi ƙwarai, har abinci ya fita raina. Kujerar ma ba ta dame ni kamar yadda kika tsaya gaban mutane kika kira ni Shugaba ba, kamar ba ni na yi miki huɗuba a kunne ba. Na kwana biyu ina cewa a raina yarinyar nan karatu ya raba ta da kunya. Daga baya na zauna na auna. Da kin ce "Baba" a wurin nan, da kin mai da maganar ruwan mutane ta zama rigimar gida, kowa ya ce uba da 'ya ne, a bar su su sasanta. Kin bar ubanki a gida inda babu mai taɓa shi, kika tuhumi mai kujera. Na fahimci wannan tuntuni. Fushin ya daɗe da tafiya, abin da ya rage shi ne ban san ta inda ake farawa ba, kuma girman kai irin na tsofaffi ya samu wurin zama.

Bari in gaya miki abin da Innarki ma ba ta sani ba. Kwanakin baya a majalisar mai shayi, wani daga cikin masu neman a yi dariya ya ce, "Malam Garba, ka haifi abin da ya fi ƙarfinka." Kowa yana jiran in hasala. Na kurɓi shayina na ce, "Ai don haka ake haihuwa. Kai naka wa suka fi ƙarfi?" Aka fashe da dariya, shi ne bai yi ba. Na taso ina tafe kamar an yi min sarauta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ke ba gudun kaɗai kika gada ba, kin gyara shi. Ni na yi tawaye na ruɓar da albasar maƙwabci, ke kin yi naki kin bar kanal ya fi yadda kika same shi. Ina alfahari da ke, Uwata. Na rubuta shi ɓaro-ɓaro don kada ki ce ba ki gane ba.

Innarki ta ce akwai wata maganar kuma. Wai kin ce kina tsoron kujera ta yi miki abin da ta yi wa Baba, wai kin tashi kina goyon bayan 'yan tawaye, ga shi za ki shiga ofis ki zama 'yar Daula. Maganar ta sosa ni, amma ba ki yi ƙarya ba. Sai dai ki duba nan gida. Ba a rufa shekara ba, su Malam Hudu sun sa an toshe mashayar da shanun Arɗo Bello ke sauka a ƙasan gada, wai suna rusa gaɓar kanal. Gaskiya ne suna rusawa. Amma da aka yanke hukuncin, har da mutanen wutsiya a zaune, babu Bafulatani ko ɗaya a wurin, mutanen da rugarsu ta riga kanal ɗin zuwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kin ce min a kashi na gaba-gaba 'yan tawayen fim ɗinki sun kafa gwamnati har sun fara gyara tsohuwar laimar, wai don tsaro. Kin faɗa cikin takaici, ni ko gezau ban yi ba.

To in kowa ya gudu, wa zai riƙe makullin? Ruwa ba ya raba kansa. In masu tsoron kujera suka ƙi zama, marasa tsoronta ne za su zauna, kuma kin san irin rabon da suke yi. Ni na fi so makulli ya kasance a hannun da na ga yana rawa a gindin tsamiya. Ki riƙe wannan tsoron, kada ki nemi maganinsa.

Sauran nasihar gajeru ne, don hannuna ya fara gajiya. Za a ba ki mota ko babur, kuma hanya mai kyau kullum a bakin ƙofa take ƙarewa, ki sauka ki ƙarasa da ƙafa. Manyan manoman bakin ƙofa za su riga kowa zuwa gaishe ki, da kwandon tumatir da buhun shinkafa. Ki yi musu godiya da fara'a, ki ce likita ya hana ki, ko ki ce ubanki ya hana, ni na yarda a yi ƙarya da sunana a wannan. In wanda ke ƙarƙashinki ya ce miki "haka ne" da sauri, ki sake tambayarsa a inda babu mutane. Za su kira ki yarinya, wasu za su yi magana da direbanki su bar ki a tsaye. Kada ki ɗaga murya, ki bari aiki ya gabatar da ke, amma kuma kada ki bari a zauna taron da ya shafi aikinki ba ke. Ki gaida tsofaffi ko da su ne ba su da gaskiya. Ki kama sallarki a kan lokaci, ki nemi gidan mutunci ki zauna, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da labari, don ita ba ta iya shiru irin nawa ba. Ranar da wani yaro ko wata yarinya ta miƙe a taro ta jefo miki tambayar da ta ƙona ki, ki ba ta amsar gaskiya. Wannan kaɗai na san na yi daidai a ranar, kuma shi ya sa nake iya shiga kasuwa da kaina a sama.

Akwai labari ɗaya da nake so ki ji daga gare ni kafin ki ji a bakin mata. Na je na sami Yohanna, na ce masa ranin bana mu yi musanya: shi ya hau gonata ta bakin ƙofa, ni in koma ta kakanki a wutsiya. Ya ɗauka gwada shi nake. Ya ce, "Malam, mutane za su ce na yi maka asiri." Na ce, "Su ce. Kai dai ka kula min da mangwaron da ke kan iyaka." Sai da na kira Innarki ta shaida kafin ya yarda. Ita ma ta yi mita, ta ce in alkama ta ƙi, kada in zo mata da dogon bayani a kan tukunya. Tana da gaskiya, wutsiya ba wasa ba ce, kuma gwiwoyina ba na da ba ne.

Kada ki ɗauka horon kaina nake yi. Na daɗe ban tsaya a bakin busasshen kanal ina leƙen ko ruwa ya taho ba, kuma mutumin da ya manta wannan tsayuwar bai kamata ya ƙara ba kowa shawara a kan ruwa ba, ko da 'yarsa ce. Ban da haka, yanzu ina da bakin magana a taro a matsayin ɗan wutsiya, kuma na riga na gaya wa Arɗo Bello ya shirya, taro mai zuwa tare za mu shiga mu zauna a gaba. Malam Hudu zai san an yi zaɓe. Jiya na kai taki can wutsiya, na zauna a kan gaɓa har rana ta yi sanyi. Ruwan bai iso ba sai da na kusa tashi, ɗan siriri, yana turo ganye a gabansa. Na yi murna da shi kamar yaro. Duk inda aka damƙa miki makulli, ki san cewa a ƙarshen layin akwai wani tsoho zaune a kan gaɓa yana jira.

Ki ɗaure kayanki, kada ki sake kwancewa. Babu abin da zan yafe miki a wannan magana, don ba ki yi laifi ba, amma in zuciyarki sai ta ji kalmar, to na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min shirun da na yi miki. Ranar Asabar in Allah ya kai mu, ba za a kira mai babur ba. Ni zan ɗauki jakarki a kaina, mu bi ta gaban majalisar mai shayi, mu bi ta gindin tsamiya, har bakin titi, kowa ya fito ya ga wanda ya haife ki.

Allah ya yi miki albarka. Allah ya kiyaye hanya, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa ki gama da mutanen can lafiya, ya dawo mana da ke da mutuncinki. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Garba